Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin TETFund da NIPRD: A Kafa Mana Rumbun Funfunar Itatuwan Magani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malami ne mai koyar da ilimin ƙananan halittu a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Na zaɓi in yi muku wannan magana a fili, kuma da Hausa, domin masu maganin gargajiya da makiyaya da iyayen ɗalibanmu duk suna da haƙƙi a cikinta. Asusun TETFund shi ke riƙe da kuɗin binciken manyan makarantu, cibiyar NIPRD da ke Idu a Abuja kuma ita aka ɗora wa binciken magunguna. Abin da nake roƙo a wurinku shi ne ku haɗa hannu ku kafa rumbun ƙasa na adana funfunar da ke rayuwa a cikin itatuwan maganinmu, ku kuma ɗauki nauyinsa na tsawon shekaru.

Ku kun san abin da nake nufi, amma bari in yi bayani domin sauran masu karatu. A tsinko ganyen sabara lafiyayye, wanda babu tabo ko ɗaya a jikinsa. A wanke shi da sifirit, a tsoma shi cikin ruwan bilic har a tabbatar babu sauran wani abu mai rai a bayansa, a ɗauraye da tsabtataccen ruwa, a yayyanka, a ɗora gutsattsarin a kan farantin gwaji. Bayan 'yan kwanaki za a ga zare-zare sirara suna fitowa daga bakin yankan, wasu farare kamar auduga, wasu baƙaƙe, wasu kuma su rina farantin da ja ko ɗorawa. Funfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan a cikin naman ganyen take zaune ba tare da ta sa masa cuta ba. Masana na kiran irinta endofayit tun zamanin Bajamushen nan Anton de Bary, a 1866. Kusan duk tsiron da aka bincika da kyau an same ta a cikinsa, kuma bishiya guda takan ɗauki nau'o'i masu yawa, na ganye daban, na ɓawo daban, na saiwa daban.

Zaman nata ba na banza ba ne. Bishiya na ba ta mafaka da abinci, ita kuma sau da yawa takan haɗa sinadaran da ke korar ƙwari, ko su hana dabba cin ganyen, ko su kashe wasu ƙwayoyin cuta masu son shigowa. Waɗannan makaman nata su ne masu haɗa magani ke nema.

Misalin da ya fi kusa da mu yana nan a bakin kowane kududdufi da fadama: duman kada. An daɗe da sanin cewa ganyensa na ɗauke da sinadarai masu ƙarfi, kuma a Brazil, inda shi ma yake fitowa, an tabbatar yana sa tumaki da awaki da shanu makyarkyata idan suka ci shi da yawa lokacin rani. Masu bincike a Jami'ar Bonn ta Jamus suka fesa wa tsiron maganin kashe funfuna, sai sinadaran dangin ergot da ke cikinsa suka ɓace. Ashe wata funfuna ce da ke manne da ƙananan ganyensa, take kuma bin irinsa daga uwa zuwa 'ya, ke haɗa su. A 2011 aka raɗa mata suna Periglandula. Daga wannan dangi na sinadarai ne aka samo ergometrine, wanda ungozomomin asibiti ke yi wa mai jego allurarsa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ciyawar da muke takawa kullum, a wata nahiya aka gano sirrinta.

Wannan ya kan sa in tuna da abin da tsofaffin masu magani ke faɗa, cewa sassaƙen wuri kaza ya fi na wuri kaza aiki, ko kuma a ɗebo saiwa a lokaci kaza ba a lokaci kaza ba. Ƙasa da ruwa da shekarun bishiya duk suna da nasu tasiri, babu shakka. Amma tambaya ce ta gaske ko bambancin funfunar da ke ciki na daga cikin dalilan, kuma tambaya ce da za a iya amsawa a ɗakin gwaji idan an samu kayan aiki.

Za ku ce, ina maganin da ya taɓa fitowa ta wannan hanya har ya isa hannun majinyaci? Akwai. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ibrexafungerp, maganin ciwon sanyin mata wanda funfunar Candida ke haddasawa, kuma shi ne sabon jinsin maganin irin waɗannan cututtuka na farko cikin kusan shekara 20. Asalinsa wani sinadari ne mai suna enfumafungin, wanda aka samu daga funfunar da aka ciro a ganyen wani ɗan itace a ƙasar Sifaniya.

Na biyun ya fi shafarmu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mutanen da ke cikin haɗarin makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Tun 1987 ake raba maganin Mectizan kyauta, kuma ya yi aikin da ba za a manta ba, amma 'ya'yan tsutsar da ke haddasa cutar yake kashewa. Manyan, waɗanda ke naɗe cikin ƙulli a ƙarƙashin fata, sukan yi shekara goma zuwa sha biyar suna haihuwa, shi ya sa ake ta maimaita rabon shekara bayan shekara. Ƙungiyar DNDi mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, tare da kamfanin Bayer, sun fara gwada wani magani mai suna emodepside a Ghana, da fatan ya kashe manyan. Likitocin dabbobi sun daɗe suna amfani da shi wajen kashe tsutsar cikin kyanwa da kare. To daga ina ya fito? Daga funfunar da masu binciken wani kamfanin Japan suka ciro a ganyen wani furen ƙasarsu, Camellia japonica. Ba a kai ga amincewa da shi ga ɗan Adam ba tukuna. Amma ku duba, ranku ya daɗe: wani ya tsinki ganye a Japan, ya ciro abin da ke ciki, ya adana shi da kyau, bayan fiye da shekara talatin ga shi ana sa ran ya ceci idon manomi a bakin kogin Taraba ko Kaduna.

Buƙatar sababbin magunguna kuwa ba sai an gaya muku ba. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kimanin 27 cikin kowane 100,000. Funfuna ce ta ba duniya fenisilin. Masana sun ƙiyasta akwai nau'o'inta tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa ba su wuce kimanin 150,000 ba. Na dazukan savana da Sahel suna cikin waɗanda aka fi ƙarancin bincika.

Sai dai ba zan nemi kuɗin jama'a da zuƙi-ta-malle ba. Wannan fage yana da tarihin murnar da ta zo da wuri, kuma wajibi ne ku san shi kafin ku sa hannu a kan komai.

Taxol magani ne na kansar mama da ta huhu da wasunsu. Daga ɓawon wata bishiya mai jinkirin girma ta arewa maso yammacin Amurka, Taxus brevifolia, aka fara samunsa, kuma sai an kashe bishiyoyi da dama kafin a tara abin da zai ishi majinyaci ɗaya. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle, a jihar Montana, suka sanar cewa sun samu funfuna a cikin bishiyar wadda ita ma ke haɗa Taxol. Duniya ta ɗauka. Aka ce an gama, za a riƙa noman magani a cikin tanki, a bar bishiyoyi su huta. Rahotanni suka yi ta fitowa daga ƙasashe daban-daban na wasu funfunonin masu yin haka. Amma abin da aka samu tun farko nanogiram 24 zuwa 50 ne a lita guda, nanogiram kuwa shi ne giram ɗaya a raba gida biliyan. A 2013 wasu masu bincike a Jamus suka sake duba lamarin, suka ce ba su ga shaidar cewa funfunar na haɗa shi da kanta ba. Har yau babu masana'antar da ke samar da Taxol daga funfuna. Daga ganyen dangin bishiyar da kuma ƙwayoyin jikinta da ake renonsu a tanki ake samar da shi. Akwai kuma wata matsala da duk mai wannan aiki ya sani: funfuna takan ba da sinadari a karon farko, amma da an sake dasa ta sau biyu, sau uku, nesa da uwar gijiyarta, sai ta ja baya har ta daina.

Ɗayan labarin a maƙwabta ya faru, kuma a kan itacen da muka sani, tafashiya. A 2013 aka wallafa cewa an samu tiramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka ce ga itacen da ke haɗa maganin da ake zaton sai masana'anta. A shekarar da ta biyo baya masu bincike daga Dortmund, waɗanda da ma aikinsu ke nan binciken ƙananan halittun cikin tsirrai, suka bi sawu don su ga ko itacen ne ko abin da ke cikinsa ne ke haɗa shi. Sai suka tarar tiramol ɗin na cikin ƙasa da ruwa da saiwar wasu tsirran ma, kuma a yankin da mutane ke shan sa suna kuma ba wa shanun huɗa ne kawai ake samunsa. Ta fitsari da kashi ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Duk wanda ya san yadda tiramol ya yi wa matasanmu illa ba zai yi mamaki ba.

Na kawo waɗannan ne don in nuna cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, gwaji na biyu da na uku kuwa ba ya yiwuwa sai funfunar tana nan da rai, inda wani zai iya zuwa ya karɓa ya sake dubawa. Nan ne muke da rauni.

Ga yadda abin ke gudana a jami'o'inmu. Ɗalibin digiri na biyu zai je daji ko kasuwar masu magani ya samo marke, ko maɗaci, ko hano, ko bagaruwa. Da kuɗin aljihunsa zai sayi farantai da sinadarai. Zai yi wata da watanni yana tsarkake funfunar da ya ciro, ya rene ta a kan dafaffiyar shinkafa a cikin kwalba, ya tace ruwanta, ya gwada a kan ƙwayoyin cuta. Wani lokaci sakamakon kan yi kyau har ya sa malami ya miƙe tsaye. Daga nan sai a tsaya. Babu kuɗin karanta DNA don a san takamaiman wace funfuna ce, sai a dubi kamanninta a yi mata suna na jimla. Babu na'urar da za ta bayyana wane sinadari ne ya yi aikin. Ɗalibi ya kare kundinsa, ya karɓi shaidarsa, ya tafi neman abinci. Farantan na nan a firji, a ɗauke wuta mako guda ko a tafi yajin aiki, su bushe ko wata funfunar ta mamaye su, a ƙarshe a ƙona. Bayan shekara biyu wani ɗalibi a wata jami'a ya sake ɗauko marken nan ya fara daga tushe. Tamkar manomi ne da ya yi shuka da noma da girbi, sannan ya bar dammansa a gona don ba shi da rumbu. Na ga hakan da idona ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da na buɗe kundin da ke cewa an samu funfuna mai kashe ƙwayar cuta mai taurin kai, na kuma san funfunar ta mutu, raina kan ɓaci ƙwarai, domin mai yiwuwa ba za a sake samun irinta ba.

Ba ƙwarewa muka rasa ba. Masu bincike a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka sun ciro sinadarai da dama daga funfunar tsirran Najeriya, har da sababbi, ta hanyar haɗin gwiwa da wani ɗakin gwaji a Düsseldorf ta Jamus inda ake da manyan na'urori. Sun nuna aikin mai yiwuwa ne. Sun kuma nuna inda giɓin yake, tunda sai an tsallaka teku kafin a kammala.

Lokaci ma ba ya jiranmu. Kowa ya ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba da maƙwabtanta, ana lodin gungume zuwa ƙasar Sin, har sai da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Ƙirya da marke suna ƙarewa a buhunan gawayi. Maɗacin da ke kusa da gari an sassaƙe shi zagaye har ya bushe a tsaye. Saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, sai an yi tafiya mai nisa kafin a same ta. Dazuka irin su Kamuku da Kuyambana da Rugu kuwa rashin tsaro ya hana mai bincike shiga. Duk bishiyar da ta ƙare a wani yanki, tana tafiya da abin da ke cikinta.

To me nake so a yi? Rumbu ɗaya na ƙasa a ƙarƙashin kulawar NIPRD, da kwafinsa a wata jami'a ta Arewa wadda ke da tsangayar harhaɗa magunguna, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ta yadda gobara ko lalacewar inji a wuri guda ba za ta cinye komai ba. Ba sabon abu ba ne a duniya. Cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan tana wannan aiki tun 1904, tana riƙe da fiye da samfur 100,000, Afirka ta Kudu ma tana da nata a Pretoria sama da shekara ɗari. Kuma kada a ce sai an samu tsayayyar wuta a ƙasa baki ɗaya. Firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili tana buƙatar sola da batura nata na kanta, gaskiya ne, amma tun 1939 likitan nan ɗan Italiya, Aldo Castellani, ya nuna cewa funfuna da yawa kan yi shekaru da rai a cikin ƙaramar kwalbar tsabtataccen ruwa a toshe, a kan kanta, ba wuta ba firji. Da wannan da ajiya ƙarƙashin mai za a iya farawa a bana.

Gini ba shi ne babban abu ba, kuma ina roƙon kada a mayar da maganar ta zama kwangilar gini. Mutane ne. Ana buƙatar ma'aikatan ɗakin gwaji na dindindin waɗanda aikinsu ke nan, su karɓa, su tsarkake, su ba da lamba, su rubuta daga wane itace, wane sashe nasa, wane gari, wane wata, su kuma riƙa duba lafiyar ajiyar. Kowane samfur a karanta DNA ɗinsa. Sannan TETFund ta sa sharaɗi a cikin tallafin bincikenta cewa duk wanda ya ciro funfuna da kuɗin asusun sai ya kai kwafi rumbu kafin a rufe masa lissafi, jami'o'i kuma su nemi lambar ajiya a cikin kundin ɗalibi. Wannan sharaɗin kaɗai, wanda kusan ba ya cin ko kwabo, zai tsayar da asarar da na bayyana a sama.

Na'urorin bayyana sinadari, irin su NMR, suna da tsada, kula da su ya ma fi sayensu wuya. Gara guda biyu ko uku masu aiki kullum, da injiniyansu da kuɗin gyaransu, waɗanda ɗalibi daga Maiduguri ko Katsina zai aika samfurinsa a auna masa a farashin da zai iya, da a warwatsa goma su zama kayan kallo. Kuɗin kuma a tsara shi na shekara goma aƙalla. Tallafin shekara biyu ba ya haifar da magani a ko'ina a duniya. A kuma ba masu bincike damar bayar da rahoton abin da bai yi aiki ba, ba tare da an ɗauke shi a matsayin gazawa ba, don kada wani ya sake ɓata shekarunsa a kansa.

Saura haƙƙin masu ilimin asali, kuma a nan NIPRD na da abin koyarwa daga tarihinta. Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar ta samar daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace dangin madobiya, daga wurin mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, aka samo haɗinsa, aka kuma yi yarjejeniya da shi a rubuce, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin ƙirƙira. Abin koyi ne. Abin takaicin shi ne yadda samar da maganin ya tsaya bayan kamfanin Amurkan da aka ba lasisi ya shiga matsalar kuɗi, masu sikila suka rasa abin da suka fara sabawa da shi. Rumbun da nake roƙo ya ɗauki darussan biyu. Duk mai magani ko wanzami ko ungozoma ko makiyayin da ya nuna itace, a rubuta sunansa da garinsa da yardarsa, a karanta masa takardar da harshensa, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a ba shi kwafi. Duk samfurin da zai fita waje ya fita da yarjejeniyar da ta fayyace rabon ƙasa da na al'ummar da aka samo shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 a kan haka aka gina ta, kuma a watan Mayun 2024 ƙasashen hukumar WIPO mai kula da haƙƙin ƙirƙira a duniya sun amince da wata sabuwa da ke neman mai rajistar ƙirƙira ya faɗi inda ya samo halittar da ilimin gargajiyar da ya dogara da su. Amma wanda bai da ajiya da lamba da kwanan wata ba shi da hujjar da zai kai gaban kowa.

Ga 'yan'uwa masu karatu, kada wani ya fahimci cewa funfunar abinci magani ce. Wadda ke kama gyaɗa da masara tana haɗa gubar aflatoxin mai janyo kansar hanta. Abin lura shi ne, maganin wannan guba ma daga funfunar ƙasarmu aka samo shi: cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta tattara nau'o'in Aspergillus flavus daga gonakin Najeriya, ta zaɓi waɗanda ba sa haɗa guba, ta yi Aflasafe da su, manoma na watsawa a gona su kori masu gubar. Tattarawa da adanawa da tantancewa ne suka haifar da shi, aikin da nake roƙon a yi wa itatuwan magani ke nan.

Ina roƙonku ku kira taron masu wannan bincike daga jami'o'in ƙasar nan, tare da wakilan ƙungiyoyin masu maganin gargajiya da jami'an gandun daji, a fara da ƙidayar samfuran da har yanzu ke da rai a firjin sassa daban-daban, a kwaso su kafin su bi sahun na baya. Ku kuma sanar da jama'a matsayinku a kan sharaɗin ajiya kafin zagaye na gaba na tallafin bincike na ƙasa.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Malamin ilimin ƙananan halittu a wata jami'ar Arewa